Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Kafa Dokar Gari, Kuma Ina Kuɗin Kasafi Ke Shiga?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato majalisar ƙaramar hukuma ko majalisar gari, yadda take kafa doka da yadda take raba kuɗi. Na zaɓo guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu don wani ya rubuto kamar mai shigar da ƙara kotu, masu zagi kuma na cire zagin na bar tambayar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai ƙaramar sana'a ce a bakin titi. Kawai mun wayi gari wasu ma'aikata sun zo sun ce an yi sabuwar doka, an hana kasa kaya a wurin, wanda aka kama zai biya tara. Babu wanda ya taɓa jin labarin dokar nan. Shin ciyaman zai iya tashi da safe kawai ya ce ya yi doka?

AMSA: Hajiya sannu da haƙuri. Amsa a taƙaice ita ce a'a, amma bari na warware miki don kada ki je ki yi musu da ma'aikaci ba ki riƙe komai a hannu ba.

Akwai bambanci tsakanin sanarwa da doka, kuma nan ne ake yi wa mutane wayo. Ciyaman ko magajin gari aikinsa zartarwa ne, kansiloli su ne masu yin doka. Yadda abin yake a yawancin wurare shine wani kansila ko ɓangaren ciyaman zai kawo daftari, a karanta shi a zauren majalisa, a miƙa wa kwamiti ya duba, a dawo da shi a yi muhawara a gyara abin gyarawa, sannan a kaɗa ƙuri'a, kuma dole sai adadin kansilolin da doka ta ce sun halarta, ba mutum uku su zauna a ofishin wani su ce majalisa ta zauna ba. Bayan nan a kai wa ciyaman ya sa hannu, in ya hau kujerar na ƙi, a wurare da yawa kansiloli na iya tsallake shi in sun samu rinjaye mai ƙarfi, galibi kashi biyu cikin uku. Ƙarshe kuma sai an wallafa ta jama'a sun sani kafin a fara kama mutane da ita. To kin ga duk wannan ba aikin dare ɗaya ba ne.

Abu na biyu, ƙaramar hukuma ba ta da ikon kanta da ta ƙirƙira, aro aka ba ta daga sama. A Najeriya misali, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya lissafo ayyukanta, akwai kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa da sa wa tituna suna da kula da shaguna da allunan talla. A Amurka ma akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake danganta wa wani alƙali mai suna John Dillon tun 1868, wadda ta ce gari ba shi da iko sai wanda jiha ta ba shi. Ma'ana duk dokar gari da ta ci karo da ta jiha ko ta ƙasa, kotu na iya soke ta. Sai dai gaskiya ɗaya ce Hajiya, tsara inda za a kasa kaya yana cikin hurumin su, don haka kada ki ɗauka dokar ba za ta tsaya ba in dai sun bi ƙa'ida wajen yin ta.

Abin da zan ba ki shawara, ku haɗu ku da abokan sana'arki, kada ki je ke kaɗai, ku tafi wajen sakataren majalisa ku nemi abu uku cikin ladabi: kwafin dokar, ranar da aka zartar da ita, da sashen da ya faɗi yawan tarar. In akwai su to sai ku nemi kansilan mazaɓarku ya kai kukanku a yi gyara ko a ba ku wani wuri ko a ƙara muku wa'adi. In kuma aka fara kame-kame ana cewa wanda ke riƙe da makullin ya fita, to kin gane. Kuma ko nawa aka karɓa a hannunki ki ce a ba ki rasit mai tambarin hukuma, tarar da ba rasit ba asusun gari take zuwa ba.

TAMBAYA: Shekara biyu a jere ana sa gyaran magudanar ruwan unguwarmu a cikin bajet, da idona na gani a takarda, amma har yau ko shebur ɗaya ba a kawo ba. Wannan ba sata ba ce ƙarara? Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanena, zai iya zama sata, ban ce ba a yi ba, wallahi ana yi. Amma kafin ka hau Facebook ka kira sunan mutum ɓarawo ka tsaya ka fahimci mene ne kasafin kuɗi tukunna, don mutane da yawa suna ɗauka in an rubuta abu a bajet to kuɗin na nan a ajiye a cikin akwati da sunan unguwarsu a jiki. Ba haka ba ne sam. Kasafi hasashe ne da izini. Hasashen abin da ake sa ran zai shigo, da izinin kashe shi a kan abubuwan da aka lissafa in ya shigo ɗin.

Bari na yi maka misali da lissafi mai sauƙi, ba na wani gari ba ne, nawa ne kawai don ka gane. A ce gari ya yi hasashen zai samu 100 a shekara. Ya ware 70 na albashi da fansho da man motoci da wutar lantarki da biyan bashi, wato harkokin yau da kullum, ya ware 30 na manyan ayyuka, irin su magudanarku da kwalbati da rufin ajin makaranta. Shekara ta zo ƙarshe abin da ya shigo 75 ne. Wa kake ganin za a fara biya? Ma'aikaci ba zai jira ba, banki ba zai jira ba, motar shara ba ta tafiya da ruwa. To 70 ta tafi, saura 5, ayyukan 30 kuma suna layi, kuma a layin nan ba wanda ya fi buƙata ke gaba ba, wanda kansilansa ya fi baki ko ɗan kwangilarsa ya fi kusa da ofis shi ke gaba. Magudanarku sai a sake kwafe ta a saka a kasafin baɗi, layi ɗaya, adadi ɗaya, wani lokacin har kuskuren rubutun da aka yi bara yana nan.

Abin da ni ya fi ba ni haushi ma shine hasashen nan sau da yawa da gangan ake kumbura shi. Kowane kansila yana son ya koma mazaɓarsa ya ce na sa muku aiki a bajet, ciyaman kuma yana son kowa ya ɗaga hannu a wuce wurin, to sai a ƙara wa ɓangaren kuɗin shiga lamba a takarda don lissafi ya daidaita, alhali ma'aji ya san ba za a tara rabinsa ba. Kowa ya ji daɗi ranar, ku kuma damina ta zo ta same ku.

Sannan akwai wasu ƙofofi biyu da kuɗi ke sulalewa ta cikinsu ba tare da an karya doka a fili ba. Ɗaya ita ce ɗauke kuɗi daga wani layi a mayar wani layi a tsakiyar shekara, ɗayar kuma ƙwarya-ƙwaryar kasafi da ake kawowa daga baya. Dukkansu halal ne in majalisa ta amince, don ambaliya ko gobara ba sa sallama, amma a nan ne kuɗin magudana ke komawa kuɗin tafiye-tafiye da taron bita, kuma lokacin babu ɗan jarida ko ɗaya a wurin don kowa ya ɗauka an gama maganar bajet tun farkon shekara.

In kana Najeriya akwai ƙarin wata matsalar. Ƙananan hukumomi 774 rabonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin 100 ne, amma shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ne kamar yadda sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tsara, ciyamomi kuma suka daɗe suna kukan abin da ke isowa hannunsu bai kai abin da aka sanar ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi ba. Hukunci kam an yanke, aiwatarwa kuma wata magana ce daban.

Don haka takardar da ka gani ba ita ce ta fi muhimmanci ba. Ka nemi ta biyun, rahoton aiwatar da kasafi, wanda ke nuna nawa aka ware, nawa aka saki, nawa aka kashe. In ta nuna ba a saki komai ba, to ba a saci kuɗin magudanarku ba, an dai yi muku romon baka. In kuma ta nuna an saki kuɗi an biya ɗan kwangila an rubuta an kammala, kai kuma ga ka tsaye a bakin kwata ruwa na shiga ɗakin mahaifiyarka, to yanzu kana da magana, ka ɗauki hoto mai kwanan wata ka haɗa da shafin ka kai wa odita, wato mai binciken kuɗin hukuma, da hukumar yaƙi da cin hanci.

TAMBAYA: Wai talaka zai iya shiga zaman majalisar kansiloli ya zauna? Ko sai an gayyace shi?

AMSA: A ƙa'idar yawancin ƙasashe zaman a buɗe yake, sai dai in za a tattauna abin da ya shafi sirrin ma'aikaci ko shari'a. A Faransa zaman majalisar gari a bainar jama'a ake yi. Jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1953 take da dokar da ta tilasta haka, yanzu ma har da cewa sai an liƙa ajanda awa 72 kafin zama na yau da kullum, kuma dole a bai wa mutanen gari damar magana. A jihar Bamont ta Amurka ma abin ya wuce nan, a garuruwa da yawa ranar Talatar farko ta watan Maris mazauna gari da kansu ke taruwa su kaɗa ƙuri'a a kan kasafin. Birnin Porto Alegre na Brazil kuma tun 1989 ya fara barin unguwanni su zaɓi ayyukan da za a fara yi da wani kaso na kuɗin.

Amma dokar ba ita ce matsalar ba. Na taɓa zuwa wani zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafi, an jera kujeru sun fi hamsin, mu huɗu ne a kai, ni da wani dattijo da ya zo neman a gyara masa takardar fili ya ɓata hanya ya shigo, da wasu biyu da daga baya na gane direbobin kansiloli ne suna shan iskar fanka. Shugaban zaman ya tambaya sau uku ko akwai mai magana, shiru, sakatare ya rubuta a minti, wato rubutaccen rahoton zaman, cewa an ji ra'ayin jama'a babu ƙorafi, aka tashi. Wata uku bayan nan da aka ƙara kuɗin rumfunan kasuwa sai ga mutane cike da harabar har kan katanga. Ihu bayan hari kenan. Ka tambayi sakatare ranar zama da ranar da kwamitin kuɗi ke zama, wannan na biyun ya fi, don a can ake gyara lamba, zaure sau da yawa ɗaga hannu ne kawai.

TAMBAYA: Ni sabon kansila ne, wata na shida kenan. An kawo mana kasafi shafi sama da ɗari da yamma aka ce gobe da safe za a zartar, wai in mun ja lokaci albashi zai makara mutane su ce mu ne. Manyanmu duk sun ce na yi shiru na ɗaga hannu haka ake yi. Don Allah a sakaya sunana.

AMSA: Ranka ya daɗe na sakaya, kuma na ji daɗi da ka tambaya don da yawa ba sa ma jin akwai abin tambaya a nan. Wannan dabarar ta a kawo a ƙurarren lokaci tsohuwa ce, kuma barazanar albashi yawanci ba ta da tushe, don tsarin kuɗi na yawancin wurare ya tanadi yadda za a ci gaba da biyan abin da ya zama dole na ɗan lokaci kafin a zartar da sabon kasafi. Ka duba dokar ƙananan hukumomi ta jiharku da dokokin zaman majalisarku, za ka ga kwana nawa ya kamata daftari ya yi a hannunku.

Bari na ba ka labarin wani ƙaramin gari mai suna Bell a kusa da Los Anjeles, mutanensa ba su kai 40,000 ba kuma yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. A 2005 aka yi wata ƙuri'ar raba gardama ta sauya tsarin mulkin garin, wadda ta fitar da su daga iyakar albashin kansiloli da jiha ta sa, mutanen da suka fito zaɓen ba su kai 400 ba. Shekara biyar babu wanda ya waiwaya. Sai a 2010 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan garin, Robert Rizzo, albashinsa ya kusa dala 800,000 a shekara, kusan ninki biyu na albashin shugaban Amurka, kansiloli huɗu cikin biyar kuma suna karɓar kusan dala 100,000 kowanne a aikin da ba na cikakken lokaci ba. Ta yaya? An ƙirƙiri wasu hukumomi da kwamitoci, su ne dai mambobin, a buɗe zama a rufe cikin 'yan mintuna a rubuta alawus. Mutanen gari kuma suna biyan harajin gidaje da ke cikin mafi tsada a yankin. A 2014 aka ɗaure Rizzo shekara 12, kuma kansilolin ma kotu ta same su da laifi, cewa ba mu karanta ba mun dai sa hannu bai cece su ba. Wannan na ƙarshen nake so ka riƙe, sunanka ne zai zauna a minti, ba na wanda ya ce ka ɗaga hannu ba.

Ba na ce ka tayar da rigima kai kaɗai a wata na shida ba, siyasa ce, na sani, kuma waɗanda suka kawo ka suna kallo. Amma ko dare ɗaya aka ba ka akwai shafukan da za ka iya dubawa. Ka kwatanta hasashen kuɗin shiga na bana da abin da aka tara a zahiri bara, in bara an tara 60 bana an rubuta 110 ka tambaya daga ina. Ka duba layukan da ba su da suna sosai, irin su "sauran abubuwa" da "ayyuka na musamman" da "ko-ta-kwana", ka ga girmansu. Ka duba yawan ma'aikata da kuɗin albashi ko sun tashi ba tare da an ɗauki kowa ba. Ka duba bashin 'yan kwangila na baya, don shi ne ke cinye kuɗin sabbin ayyuka a ɓoye. Da safe ka miƙe ka nemi a miƙa wa kwamitin kuɗi na sati ɗaya, ka samu mutum ɗaya tun dare da zai mara maka baya. In an kayar da kai ba komai, ka ce a rubuta a minti cewa ka nema. Kuma in aka zo kan kwangilar da ɗan'uwanka ko kamfaninka ke ciki, ka faɗa da bakinka ka fita daga zauren har a gama.

TAMBAYA: Gari ma yana iya karyewa kamar ɗan kasuwa?

AMSA: Ƙwarai kuwa. Central Falls, wani ɗan gari mai mutum wajen 19,000 a jihar Rod Ailan ta Amurka, ya shiga kotun fatara a 2011 saboda alƙawuran fansho da aka yi ta ɗauka shekara da shekaru ba a ajiye kuɗinsu ba, ƙarshe wasu tsofaffin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana aka yanke musu wajen rabin fanshonsu. A Ingila kuma majalisar garin Woking ta ciwo bashi ta zuba a dogayen gine-gine da otal da fatan riba, a Yunin 2023 ta fitar da sanarwar da ake kira ta sashe na 114, wato ba za ta iya daidaita kasafinta ba, bashin ya doshi fam biliyan 2, aka dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi sai na dole.

Shi ya sa ƙasashe da yawa suka ɗaure wa garuruwa hannu. A Faransa dole kasafin gari ya daidaita, ba a yarda a ci bashi don biyan albashi ko harkokin yau da kullum ba sai don aikin da zai daɗe, kuma in majalisa ta wuce 15 ga Afrilu ba ta zartar ba, wakilin gwamnati a yankin zai kai maganar gaban kotun binciken kuɗi ta yanki a tsara musu. A wuraren da babu irin wannan tsarin kuwa ba a sanar da karyewa, alamunta kawai za ka gani, albashi ya koma rabi-rabi, 'yan fansho suna zaman dirshan a bakin sakatariya, motar shara tana kan duwatsu an cire tayoyin.

Wanda ya turo tambaya a kan harajin gidaje da yadda ake ƙiyasta shi, ka sake turowa ka faɗi ƙasar da kake, don amsar ta dogara da can. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.